Mustang, Camaro ko Challenger: wacce za ta iya da hanyoyinmu na Maraɗi?

Dan_Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe sitiyarin motocin nan da hannunsu, don ni iyakata kallon bidiyo.

Sana'ata aya da riɗi. Ina da tsohuwar Hilux da ke shiga ƙauyuka, ita ce jakar gidan, ba zan rabu da ita ba. Wannan da nake so ta marmari ce, shekara huɗu ina tara mata kuɗi. Yayana da ke Amurka ya turo mini hotunan guda uku da ya gani: Mustang GT ta 2016, Camaro SS ta 2017, da Challenger Scat Pack ta 2016, duka otomatik. Tafiyata ba ta wuce Tibiri gidan surukai ran Juma'a, Madarunfa bakin ruwa in an samu sarari, Damagaram sau ɗaya a wata, Yamai kuma sai da dalili. Ina da mata da yara biyu.

Ba zan ɓoye ba, raina yana kan Challenger. Na ga wata baƙa a wajen ɗaurin aure a Katsina, da aka tada ta sai da na ji ƙarar a ƙirjina. Amma yayan nawa ya ce jirgin ruwa ce, ba ta iya kwana. Wacce ta fi zama a hannu, wacce ta fi ja, kuma wacce ba za ta maishe ni ɗan gidan makanike ba?

DanMaradi_Carolina ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni a Greensboro nake, na riƙe Camaro SS shekara biyu kafin iyali su zo in sayar. Mustang ta abokin zamana ce, na tuƙa ta ba adadi, Challenger kuma na yi hayarta mako guda zuwa Atlanta.

In maganar kwana ce, Camaro ta gama da su, kuma da tazara. Daga 2016 aka sake mata gindi, aka ɗora ta a kan shasin Cadillac ATS, ta rage nauyi ta ƙara tauri. Injinta lita 6.2, doki 455, kuma ƙarfin yana zuwa tun daga ƙasa, ba sai ka tsaya jiran inji ya hau ba. Ka ɗan murza sitiyari, hancin motar ya riga ya juya. Akwai wata kwana mai lanƙwasa da nake bi kullum wajen hawa babban titi. Da Camaro ina ƙara mai a tsakiyarta, da Challenger kuwa sai na taka birki tun kafin in shiga, in jira jikin ya gama kwantawa gefe ɗaya, sannan in ba ta wuta.

Yayanka bai yi ƙarya ba, amma ya ɗan zuzuta. Scat Pack ta fi su doki, 485 daga lita 6.4, sai dai nauyinta ya haura kilo 1,900, Camaro kuma tana wajen 1,700. Kai da ka san buhu, ka ɗauka kullum kana yawo da buhu biyu na gero a but. Tsawonta ya ɗan wuce mita 5. Kuma tayoyin da take zuwa da su faɗin 245 ne gaba da baya, sun yi wa wannan ƙarfi kaɗan, shi ya sa in ka take ta daga tsaye sai hayaƙi da ƙara kafin ta kama ƙasa. A miƙaƙƙen titi dai su ukun kusan kai ɗaya suke, daƙiƙa huɗu da 'yan kai sun kai gudun kilomita 100 a awa.

Abin da ba a nuna maka a bidiyo shi ne zaman cikin Camaro. Tagoginta ƙanana ne, kamar kana leƙe ta ƙofar rumbu. Bayanka ba ka gani, gefen dama ba ka gani. Nan inda kowa ke bin layinsa ma na sha tsorata, balle bakin babbar kasuwa da kabu-kabu ke fito maka ta ƙarƙashin hammata. Kujerar baya kuwa ta ajiye jaka ce. Challenger mutum biyar aka yi ta don su, but ɗinta ya kusa ninka na Camaro. Da na dawo daga Atlanta bayana bai yi ciwo ba, abin da ban taɓa samu a tawa ba.

Mustang tana tsakiya. Ta fi Challenger kwana nesa, ba ta kai Camaro ba, ana ganin hanya sarai. Sai dai ta 2016 giya shida gare ta, sauran biyun takwas-takwas, kuma na Challenger ɗin na kamfanin ZF na Jamus ne, ya fi su iya canji.

Baba_MaiGareji ya rubuta:

Ɗana, yaro ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Shekara talatin da wani abu ina ƙarƙashin mota a garin nan.

Duk abin da na Amurka ya ce na yarda, amma titinsu yake ba ka labari. Lanƙwasa nawa ke kan hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram? Ka wuce Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, hanya ce miƙaƙƙiya, abin da ke cikinta rami ne, da tudun rage gudu a bakin kowane gari, da jaki, da amalanke da dare ba fitila. Abin da za ka tambaya shi ne wacce ke shanye rami, wacce kuma birkinta ke tsaida ta.

An taɓa kawo mini Camaro irin wadda kake magana. Tayar baya 275/35 a rim 20, wato naman tayar siriri ne ƙwarai, ga shi mai tauri irin wanda ake tafiya da shi ko ya sace, kuma babu safaya a motar. Rami ɗaya bayan Gidan Runji ya lanƙwasa rim biyu. Motar ta yi sati uku a garejina tana shan ƙura, ana neman taya daga Kano har sai da aka yi oda. Tayar Challenger 245/45 ce, ta fi nama, kuma duka huɗun girmansu ɗaya.

Sai mai. Lambar ingancin mai 91 da aka rubuta wa injin 6.4 lissafin Amurka ne, a irin lissafinmu ya kai wajen 95. In ka ba shi mai rauni a zafin watan Afrilu, kwamfuta za ta ja wutar baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa, dokin da ka biya kuɗinsu su ragu. Na 'yan ruwa-ruwa a kwalba kuwa kada ma ka fara. Injin Camaro yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, datti kaɗan ya isa ya kashe maka injekta. Na Challenger da na Mustang ta 2016 tsohon tsari ne, suna fesawa a bakin bawul, sun fi haƙuri.

In da ni ne, kuma dole sai Challenger, R/T mai lita 5.7 zan ɗauka. Doki 370 da ɗoriya, ina za ka kai su? Tana karɓar mai na ƙasa da wancan, kuma injin ne ke cikin Ram da Grand Cherokee, ka ga kayansa ba za su gagara a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba. Ka sani dai fulogi 16 gare shi, biyu a kowace silinda. Kuma ka sa yayanka ya tada ta da sanyin safe ya saurara: in akwai ƙas-ƙas daga saman inji da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ya bar ta, ciwon gidansu ne, yana cin kamshaf.

Na ƙarshe, lambar shasi. A bincika ta kafin a biya ko dala. Motoci da yawa da ke zuwa mana daga gwanjon inshora suke, wasu hatsari, wasu ambaliya ta shanye. Ta hatsari ina iya gyarawa. Ta ruwa kuwa wata shida za ta yi lafiya lau, sannan wayoyi su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, ka rasa ta inda za ka kama.

Coyote_AliDanSofo ya rubuta:

Baba a gafarce ni, ku duka kun wuce Mustang kamar ba ta wurin. Ita ce fa uwa. A 1964 ta fito, Chevrolet ta ga kasuwa ta tafi sannan ta yi Camaro a 1966, Dodge ta biyo da Challenger a 1969. Yau kuma ita kaɗai ta rage: an daina Challenger a ƙarshen 2023, Camaro ma ta 2024 ce ta ƙarshe. Mai tunanin kayan gyara nan da shekara goma ya duba wannan. Ƙari kuma tun 2015 Ford ke sayar da ita a Turai da ƙasashe da yawa, ba Amurka kaɗai ba.

Masu cewa bayanta na rawa, tsohon zance ne. Kafin 2015 ƙafafun baya a kan sanda ɗaya suke kamar na a-kori-kura, ɗaya ta faɗa rami ɗayar ta amsa. Daga 2015 kowace ƙafa zaman kanta take. Injin lita 5.0 ne, doki 435, ƙarami a cikinsu, amma yana hawa har juyi 7,000 a minti, kuma daga 4,000 zuwa sama ne yake nuna halinsa. Waɗancan biyun tun daga ƙasa suke bugu. Wannan sai ka bi shi, ni kuma abin da ke burge ni ke nan. Yaya, in za ka iya ƙara haƙuri ka nemi ta 2018, doki 460 da giya goma.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa a kan dukansu: ƙafar baya ke ja. Yashin da iska ke zubawa a kan kwalta wajen shataletale ya ishe ka. Na taɓa kashe na'urar hana sulɓi don in burge abokai, ban ankara ba ina kallon inda na fito, Allah ya sa ba kowa a gefen. Tun ranar ban sake taɓa maɓallin nan ba.

Dan_Bagalam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Camaro dai ta fita, na nuna wa uwargida hoton kujerar baya ta ce sai dai in tafi Tibiri ni kaɗai. Ƙanena mai Mustang, maganarka ta kayan gyara ta shige ni, amma na ga ita ma bayanta mutum biyu ne kuma matsattse.

Na ce wa yayana ya nemo R/T, ya turo lambar shasi da bidiyon tashin safe. Baba, ƙofar gidana akwai ɗan tudu da aka yi saboda ruwan damina, Hilux ba ta ma san da shi ba. Gobe bayan la'asar zan biyo ta gareji in ɗauke ka ka gani, ko fasa shi za a yi ko a ƙara masa gangara. Sannan wa ya shigo da mota ta Lome kwanan nan, tunda aka rufe hanyar Kwatano a 2023? Ina son sanin wata nawa ta ɗauka kafin ta iso duwan.