Mai haƙuri yakan dafa dutse: ma'ana ce ko lada?

Ɗaliba daga Zariya:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. An ba mu aikin rubuta maƙala mai zurfi a kan ma'anar haƙuri, sai na buɗe ta da karin maganar nan da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Malamin da ya duba ya ja mata layi da jan biro, ya rubuta a gefe cewa wannan ladan haƙuri ne, ba ma'anarsa ba. Ina roƙon a warware mini.

Malamin Hausa, Katsina:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya, domin karin maganar ta nuna miki tukunya a kan murhu da mutum yana iza wuta, amma ba ta faɗi abin da ke cikin ransa ba. Ki fara da bin kalmar a bakin mutane. Idan almajiri ya tsaya a zaure aka ce masa "yi haƙuri", ana nufin babu abinci. Idan wani ya taka ki a kasuwa ya faɗi haka, afuwa yake nema. A zaman makoki ana cewa Allah ya ba da haƙuri. Ranar kai amarya kuwa, gwaggonninta ba su da wata nasiha da ta wuce wannan. Abin da ya haɗa waɗannan wurare huɗu shi ne zuciya tana son wani abu ko tana ƙin wani abu, mai ita kuma ya danne ta. Daga nan ma'anarki za ta fito.

Dattijo daga Maraɗi:
Malam, a gafarce ni, amma ban yarda a raina karin maganar haka ba. Kowa ya san dutse ba ya dafuwa, kuma a nan hikimar take: mai haƙurin bai naɗe hannu ba, yana kan aikin da kowa ya ɗauka ba zai yiwu ba. Wannan kaɗai ya raba haƙuri da ragwanci. A ganina, wanda ya yi shiru saboda tsoro ba mai haƙuri ba ne, sai wanda yake da ikon ramawa ya bari. Kuma magabatan da suka yabi haƙuri su ne suka san ranar da tura ta kai bango.

Malamar Islamiyya, Kano:
Baba, iyakar da ka ja tsakanin haƙuri da ragwanci ta yi kyau, sai dai sharaɗin iko ya ƙuntata ma'anar. Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan biyayya ga Allah, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara. Uwar da ta rasa ɗanta ba ta da ikon komai, amma babu mai cewa tsoro ne ya hana ta kururuwa. Abin da ka kwatanta ya fi kusa da yafiya. Ƙanwata, ki kuma ware shi daga kawaici, wanda yake kau da ido ne saboda kunya, da juriya, wadda ta fi shafar wahalar jiki.

Malamin Hausa, Katsina:
Haka Kirk-Greene, wani Bature masanin Hausa, ya yi a 1974 da ya yi nazarin mutumin kirki: bai tsaya ga jimla ɗaya ba, ya warware kirki zuwa halaye goma, haƙuri da kunya da amana suna cikinsu.

Ɗaliba daga Zariya:
Na gode ƙwarai. Zan mayar da karin maganar zuwa tsakiyar maƙalar, wurin da zan raba haƙuri da ragwanci, in buɗe da almajirin nan da ke tsaye a zaure. Abin da ya rage mini shi ne na amaryar, domin har yanzu ban gane ko haƙuri ake nema a wurinta ko kawaici ba.