Me za mu kira irin su ls, cp da rm da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, a darasin da muke fassarawa na Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, "umarni" da "layin umarni" sun zauna, babu gardama. Abin da ya rage shi ne sunan da zai tattara guntayen umarnin nan da ake buga wa kwamfuta, irin su ls (jera fayiloli), cp (kwafa), mv (matsarwa) da rm (gogewa). An kawo shawarar "zaurancen kwamfuta". Ya kuka gani?

Injiniya: Malam, zaurance ba zai yi ba. Shi ana yinsa ne don kada na gefe ya gane, waɗannan kuwa ba ɓoyo ya kawo su ba. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix, manhajar da Linux ta kwaikwaya, a Bell Labs ta Amurka a 1969, da injin Teletype Model 33 ake magana da kwamfuta. Haruffa goma kacal yake bugawa a daƙiƙa, a kan takarda, ga maɓallansa da tauri. Kowane harafi lokaci yake ci, ya ci takarda, ya gajiyar da yatsa. Umarnin da za a buga sau ɗari a yini kuwa, dole a rage masa tsawo. Har sunan fayil ma a tsofaffin Unix ba ya wuce harafi 14.

Malama: To Injiniya, me zai hana a ce "umarni mara wasali"? Copy ta koma cp, move ta koma mv, kamar rubutun da ba a yi wa wasali ba, mai karatu ne ke cikewa da kansa.

Injiniya: Ya yi daɗi, Malama, amma bai game duka ba. Cat na da wasali, daga tsakiyar kalmar concatenate aka ciro ta, aka jefar da kai da wutsiya. Grep daga g/re/p ta fito, wani umarni na ed, manhajar gyara rubutu, mai nufin a binciko duk layin da ya dace da tsari a buga shi. Awk kuwa farkon sunayen mutum uku ne: Aho, Weinberger da Kernighan.

Dattijo: Ni "dunƙulallen umarni" nake gani. Dunƙulewa ta ɗauki zubar da wasali, da yanke wutsiya, da haɗa farkon kalmomi. Sai dai a darasin a faɗa wa ɗalibi haɗarinsa. crontab -e yana buɗe jadawalin ayyuka don gyara, crontab -r yana share shi ƙarƙaf, galibi ba tambaya, kuma e da r maƙwabta ne a kibod. Haka rm, ba ta da kwandon shara. Mai koyo ya fara da rm -i, za ta tambaye shi kafin ta goge kowane fayil.

Malama: Na yarda da Baba. Alias fa, wanda mutum ke ƙirƙira wa kansa?

Dattijo: Wannan inkiya ce, ba sai an wahala ba. A PowerShell, manhajar layin umarni ta Microsoft wadda ta fito a 2006, sunan yankan umarnin da ke aikin ls Get-ChildItem ne, dir da gci inkiyoyinsa. A Unix kuwa ls shi ne sunan yankan kansa, don haka kada a gwama su.

Mai fassara: Madalla. Na rubuta "dunƙulallen umarni" da "inkiya". Saura shell, manhajar da ke karɓar umarnin da aka buga, zan buɗe mata zare daban.