Me ya sa mutanen Birtaniya suka rungumi sushi?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Manchester ya shaida mini cewa yanzu da wuya ka shiga babban kanti a can ba ka ga sushi a jere cikin firji ba, kuma abokan karatunsa Turawa suna saye su ci da rana. Abin ya ɗaure mini kai, domin mutanen da muka sani da soyayyen kifi da dankali su ne yau suke cin ɗanyen kifi. Me ya kawo wannan sauyi? Kuma ya halatta ga Musulmi ya ci? Ina tambaya ne saboda yaron yana son gwadawa.

Malamin Kongo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko, ba kowane sushi ne yake ɗauke da ɗanyen kifi ba. Ginshiƙinsa shi ne shinkafar da aka haɗa da ruwan khal da sukari da gishiri, sannan a ɗora mata kifi, ko a naɗe ta a busasshen ganyen teku tare da kokwamba ko dafaffen kifi ko ƙwai.

A ganina, yadda aka kai musu abincin ne ya sa ya karɓu. A 1994 aka buɗe gidan abincin Moshi Moshi Sushi a tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street da ke Landan, inda faranti ke zagayawa a kan bel, mai ci ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ya yi masa, dabarar da aka fara a Osaka ta ƙasar Japan tun 1958. A 1997 gidajen abincin YO! Sushi da Itsu suka biyo baya, Wasabi kuma a 2003. Wannan tsari na bel ya cire wa baƙo fargaba, domin yana ganin abincin da idonsa kafin ya ɗauka, ba sai ya karanta sunan da bai iya furtawa ba, kuma launin faranti ne yake nuna masa farashi. Da manyan kantuna irin su Tesco da Waitrose suka fara sayar da shi a ƙananan robobi, sai ya shiga sahun abincin ma'aikata, waɗanda dama sun saba cin abu mai sanyi da rana a gaban kwamfuta. Ga kuma kallon da ake yi masa na abinci mara maiƙo. Kifin salmon, wanda ya fi yawa a cikin irin wanda suke ci, ana kiwonsa a Scotland da Norway, saboda haka ba daga nesa ake kawo musu shi ba.

Hajiyar Tudun Wada ta amsa:

Malam, a kan halacci, mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta naman halittun ruwa, kuma kifi ba ya buƙatar yanka. Inda ya kamata yaron ya lura shi ne kayan haɗi, domin akwai wani ruwa mai zaƙi da ake kira mirin, wanda giyar shinkafa ce, kuma wasu suna zuba shi a shinkafar ko a romon da ake dangwalawa. Ya karanta takardar da ke jikin robar, ko ya tambayi masu gidan abincin kai tsaye.

Ɗan Sabon Gari ya amsa:

Hajiya ta yi gaskiya. Ni abin da nake tsoro shi ne wani ya karanta wannan ya je ya gwada da tarwada ko karfasar kogin Galma. Kada a kuskura. A Birtaniya doka ta tanadi cewa yawancin kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla awa 24, domin a kashe tsutsotsin da ke cikinsa, kuma daga nan har ya isa hannun mai saye ba ya rabuwa da sanyi. Mu da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, ga zafin bazara, ba mu da wannan tabbaci, kuma kifin ruwan daɗi yana ɗauke da nasa tsutsotsin masu illa. Wanda yake sha'awa a nan Zariya ya yi nasa da dafaffen kifi da kokwamba.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gaya masa ya fara da na kokwamba ko na dafaffen kifi, kuma ya tabbatar babu mirin a ciki kafin ya biya kuɗi.