Lauyan da ba ya shiga kotu, lauya ne?

Kawu Iro: Ni dai ina kan bakana, lauyan da ba ya shiga kotu ba lauya ba ne. Yaron nan shekara 5 ya yi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya wuce makarantar lauyoyi ta Bagauda, muna murna mun samu mai tsaya mana a rikicin gona, sai ga shi ya ɓuge da koyarwa a jami'a wai yana bincike kan dokar kuɗin waya, wato masu yawo ta taransfa. Kuɗin waya ma har wata doka gare shi?

Sani mai POS: Allah ya ja da ran Kawu, wallahi akwai. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari wani ya sayi sa ya yi taransfa a wajena, an cire masa kuɗi amma mai sa bai ga alat ba har magariba, mai mota na ta hon, wannan ya riƙe igiya wancan ya riƙe igiya, to san na waye a lokacin, kuma in kuɗin suka maƙale wa zai biya, mai saye ko banki ko ni?

Malam Buba: Malaman fiƙihu sun gama maganar ciniki da karɓar kaya tun ba a haifi kakanku ba.

Yaya Hadiza: Gafarta Malam sun yi, amma ba su ga alat ba. Kawu, ɓangaren yaron nan fa shi ne dokar mu'amala tsakanin mutum da mutum, yarjejeniya da bashi da diyya. Dubi manhajojin bashin nan, ka ci dubu 20 ka makara kwana biyu su bi lambobin wayarka kaf suna cewa kai ɓarawo ne, ni har surukata aka tura wa. Sai a 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane. CBN ma, wato Babban Bankin Najeriya, a Fabrairun 2021 ta hana bankuna taɓa harkar kuɗin intanet na kirifto, Disambar 2023 ta janye. Dole a samu wanda zai zauna ya tsefe waɗannan ya rubuta, lauyoyin kotun da kake so ai a ajinsa ake ƙera su.

Kawu Iro: Ƙera su da yunwa? A 2022 wata 8 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na yajin aiki aka riƙe albashi, a nan garin ya yi damina, buhun gerona ya ci.

Yaya Hadiza: Wannan kam gaskiya ne, ban musa ba.

Sani mai POS: Amma Kawu lokacin canjin kuɗi a 2023 wa ya yi ta kiransa da daddare da taransfar kuɗin riɗinka ta maƙale?

Kawu Iro: Kai Sani ka kiyaye ni. Shawara ya ba ni, bai sa baƙar riga ba. In ya zo sallah ya duba min takardar gonar fadama sannan mu yi magana.