Zan iya haddace Alƙur'ani ni kaɗai, ba malami?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Aikin gadi nake yi a Fatakwal, a bakin ƙofa nake kwana, da rana in yi barci. Na yi makarantar allo a garinmu ina yaro, na kai izu goma kafin neman abinci ya fito da ni, kuma ina iya duba Mus'hafi in karanta. Yanzu daga an kulle ƙofa har asuba ba abin da nake yi sai danna waya, ga shi kuma na ƙwallafa rai a kan hadda. Malamin da na sani yana unguwar Hausawa, nesa da ni, kuma bayan magariba yake ba da karatu, daidai lokacin da nake kama aiki. Na sauke karatun Shehu Husari a waya. In fara ni kaɗai? Wani abokin aikina ya ce haramun ne hadda ba malami, maganar ta tsaya mini a rai.

Wani alaramma daga Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Allah Ya cika maka burinka, ɗana. Abokinka ya tsananta, ba laifi ba ne ka zauna kana maimaita aya har ta zauna. Amma tsoron nasa yana da tushe. Karatun nan baki da baki aka karɓo shi. Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani da Annabi (SAW) duk watan azumi, a shekarar da zai yi wafati kuma sau biyu suka yi.

Akwai wuraren da takarda ba za ta koya maka ba. "La ta'amanna" a Suratu Yusuf, ana turo leɓe a kan nunun ba tare da sauti ya fita ba. Wannan ko a kaset ba za ka ji shi ba, sai ka kalli bakin mai biya maka. Ga kuma ciwonmu na Hausawa: sa mai ɗigo uku ta koma sinun, zalun da zayun su zama abu ɗaya, "walad dallina" ta koma "walal lallina". Mutum ba ya jin kuskuren bakinsa, zai rantse daidai yake da Husari. Abin da ka haddace a karkace kuwa, gyaransa ya fi sabuwar hadda wuya. Saboda haka haddar aikinka ce, kai kaɗai za ka yi ta a cikin daren nan naka. Gyaran baki ne dole sai da mutum.

Wani malamin Islamiyya:
Ƙari a kan maganar Alaramma. Kafin komai, wace riwaya kake karantawa? Wanda ya taso a allo galibi Warshu ne a bakinsa, karatun da ke yawo a waya kuma yawancinsa Hafsu ne. Husari ya yi duka biyun, sai ka duba wanne ka sauke. Gwaji mai sauƙi: a Fatiha, in ka ji ya ja mimun ya ce "maaliki", Hafsu ne, in bai ja ba, Warshu ne. Kada ka gauraya.

Sannan ka riƙe Mus'hafi guda, domin ido ma yana hadda, zai riƙe maka cewa ayar tana saman shafin dama. Bugun Madina na Hafsu shafi 604 ne, layi 15 a shafi. Rabin shafi a kullum zai kai ka sauka cikin shekara uku da 'yan watanni, in an haɗa da ranakun tilawa da na uzuri ka ce huɗu.

Wata 'yar'uwa daga Zariya:
Malam, ni ma ba na samun fita, yara ƙanana gare ni. Ta waya nake ba malamata hadda. Saƙon murya yana taimakawa, amma kira ya fi, don tana tsayar da ni nan take, ta ce maimaita, har sai harafin ya fito. Ka yi wa malamin nan bayanin aikinka, da wuya ya ƙi ware maka minti ashirin da hantsi. In da hali ka riƙa sa masa kati.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai tsorona kada jiran malami ya sa ka ajiye niyyar gaba ɗaya. Mutane da yawa haka suka tsufa suna cewa sai sun samu lokaci. Ka fara yau. Kuma abin da ya fi kayar da mai hadda shi kaɗai rashin tilawa ne, don ƙarin sabo yana da daɗi, komawa baya kuwa ba mai tilasta maka. Annabi (SAW) ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Ga ayoyi masu kama da juna: a Baƙara "wadkhulul baba sujjadan" ce ta riga "wa ƙulu hiɗɗatun", a A'arafi kuma aka juya. Kana iya tsallakawa daga wannan sura ka faɗa waccan ba ka sani ba, in ba mai riƙe maka Mus'hafi. Abin da ka haddace ka riƙa yin nafila da shi.

Sai kuma amanar aikinka. Kada ka toshe kunne biyu da abin sauraro, dukiyar mutane aka ba ka tsaro.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, Hafsu ne a wayata, ni kuwa Warshu na yi. Ranar Lahadi ina hutu. Alaramma, in koma Hafsu ne, tunda shi ya fi yawa a nan? Kuma daga ina zan fara?

Alaramma:
Ka tambayi malamin wanne ya fi ƙwarewa a kai, ka bi shi. In yana da Warshu, zauna a kan abin da bakinka ya saba, ka sauke Husari na Warshu. Kada ka taɓa sabo tukuna. Izu goman nan naka za ka fara tayarwa, daga Nasi ka yi sama. Ranar Lahadi ka je da ƙafarka, ka karanta masa abin da za ka haddace a makon yana kallon bakinka, ya gyara, sannan ka tafi da shi wurin aiki. Lahadi ta gaba ka kawo masa da ka, ya biya maka na gaba.