Wace kalma za mu ba wanda dokar Ingila ta kira "vagrant"?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum. Ranar Laraba zan ɗauki shirin rediyo kan yadda garuruwan Ingila suka yi da matalautansu a ƙarni na 16, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "vagrant". Dokar 1531 ta kasa mutane kashi biyu. Tsoho da gurgu da majinyaci, alƙalan yanki su ba su takardar izinin bara. Mai jini a jika kuwa, in an kama shi yana yawo ba sana'a ba ubangida, a ɗaure shi bayan amalanke a zane shi har jini ya zuba, a kora shi garinsu. Wannan na biyun nake nema wa suna. Na rubuta "mabaraci" na goge, don ba dukansu ke bara ba.

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Gantalalle, jam'i gantalallu.

Ɗan Zazzau: Ko ɗan ragaita. Amma Malama, me ya hana ki ce almajiri kowa ya gane?

Alaramma: A'a, ɗana, janye wannan. Almajiri yana da malami da allo, an san tsangayarsa. Wancan kuwa rashin ubangida ne laifinsa. A 1547 har doka suka yi a yi masa lalas da harafin V a ƙirji, a bautar da shi shekara 2. Sunan mai neman ilimi za a liƙa wa wannan?

Ɗan Zazzau: Na janye, Allah gafarta Malam.

Mai Nahawu: Gantalalle zagi ne na bakin tasha. Na daɗe da ƙirƙiro wadda ta dace: ratsa-gari. Gininta irin na faɗa-wuta da dafa-duka ne, aikatau da suna. Ba ta zagi kowa ba, ta faɗi abin da mutumin ke yi.

Baban Walida: Malam, fatake ma suna ratsa gari. Wa zai ji ta a rediyo ya san laifi ake nufi?

Mai Nahawu: Wa ya san "jirgin sama" kafin a fara faɗa? Tanzaniya tana da hukumar da ke ƙirƙira wa Swahili kalmomi. Mu kuwa duk wanda ya kawo sabuwa sai a yi masa caa, gobe kuma a ce Hausa ba ta iya ɗaukar ilimi. Wannan abu yana ci mini rai.

'Yar Damagaram: Ni abin da ke damuna, kullum Kananci ne ma'auni. Ana sauraren shirye-shiryen nan a Maraɗi da Tawa, ba a taɓa tambayarmu ba.

Ɗan Zazzau: Yaya, Hausar boko ai dole ta tsaya wuri ɗaya.

'Yar Damagaram: Ta tsaya, amma a riƙa shawara.

Malamar Tarihi: Don Allah mu dawo, lokaci na ƙurewa. Malam Mai Nahawu, zagin da ka ƙi shi nake buƙata, domin kalmar tasu ma tuhuma ce. Dokar 1572 ta ce a huda wa mutum kunnen dama da ƙarfe mai zafi. Mai rubuta haka ba ya kallon mutumin da mutunci. Inda nake jin tsoro shi ne mai sauraro ya ji "gantalallu" ya ɗauka haka suke. Jama'a ta ƙaru, abinci ya yi tsada, an rufe gidajen ruhubanawa da ke ba da sadaka tsakanin 1536 da 1540. Da yawa aiki suka fito nema. Da birnin Norwich ya ƙirga matalautansa a 1570, mutum fiye da 2,300 aka samu, kuma matan da dama kaɗi suke yi, abin ne bai isa ci ba.

Alaramma: To raba baki biyu, 'yata. In doka ke magana ki ce gantalalle. In ke ce ke magana ki ce masu yawon neman abinci.

Baban Walida: Ya yi. Kuɗin da dokar 1601 ta sa kowane yankin coci ya tara fa? Zakka?

Alaramma: Zakka tana da nisabi da mutum takwas da aka ambata. Wannan haraji ne kan gida da gona, wakilan yanki ke karɓa. Harajin tallafin matalauta.

Mai Nahawu: Kalma uku a madadin biyu na Turancin, "poor rate". Ga kuma Bridewell, fadar da Sarki Edward na 6 ya ba birnin Landan a 1553 aka mai da ita wurin tsare irin waɗannan mutane. Nan ma jimla za ku jero?

Malamar Tarihi: Gidan horo na sa. Gantalalle kuma na ɗauka bisa sharaɗin Alaramma. Harajin ban gamsu ba tukuna, ya yi tsawo a baki.

Mai Nahawu: Ki yi abin da ya sauƙaƙa miki, Malama. Ni dai a rubutuna ratsa-gari zan ci gaba da sawa.

'Yar Damagaram: In an sa shirin a sanar da mu lokaci, zan saurara in ji yadda ta zauna a kunne.