Musayar waƙa: ɗan masuncin Panama mai lamba 42

Ɗan Zango (Bronx):
Salamu alaikum 'yan dandali. Jiya na sauke fasinja a titi na 161, daidai filin Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, sai na hangi wani dattijo sanye da riga mai lamba 42. Har na ajiye mota Mariano Rivera ne a raina. Ga 'yan gida da ba su san besbol ba: zagaye tara ake yi, mai jifa ya jefo ƙwallo, mai sanda ya nemi bugawa. Shi Rivera aikinsa sai an zo zagayen ƙarshe, ana kan gaba da ƙiris, a kira shi ya rufe ƙofa. Daga 1995 zuwa 2013 riga ɗaya ya sa, ta Yankees. Ga buɗi:

Da sunan Allah zan fara,
Waƙar ɗan masunci Rivera,
Wanda in an kai zagaye na tara,
Sai baƙi kaya su tattara.

A bakin teku ya koyi dabara,
Kwalin madara ya yi wa gyara,
Ya zam safar hannu ta yara,
Reshen bishiya shi ne gora.

Jifansa ɗaya, kowa na jira,
An san shi sarai, ba wata shawara,
Ya taho a miƙe, sai ya sara,
Sandar mai bugu ta koma kara.

Sau 652 ya rufe da nasara,
Kofin World Series biyar ya tara,
Ku 'yan Boston ku zo mu yi hira,
In kuna da kamarsa ku yi kira.

Baban Ummi (Boston):
Wa alaikumus salam. Mai neman rigima ya same ta. Bari in tuna maka karon Yankees da ƙungiyarmu ta Boston, Red Sox.

Ɗan Zango ka kira, ina amsawa,
Taka birki, ka cika zuzutawa,
Oktoban 2004 kake ɓoyewa,
Daren da gwaninka ya kasa rufewa.

Kun ci uku, saura ɗaya ku yi shewa,
Roberts ya sace zango yana rugawa,
Mueller ya buga, maki na daidaitawa,
Ortiz ya ƙarasa, Bronx na kokawa.

An sace zango Ɗan Zango na dubawa,
Huɗu a jere muka yi ta ɗorawa,
Ƙishin shekara 86 ya zo ƙarewa,
A hannun gwaninka muka fara kurɓawa.

Ɗan Zango:
Baban Ummi, mai dare ɗaya,
Ka riƙe shi kamar gadon dukiya,
Mai yunwa in ya sami miya,
Sai ya cika gari da hayaniya.

Tun 1918 kuke shan wuya,
Kofi na wuce ku a kan hanya,
Namu 27, zo ka ƙidaya,
Naku tara ne, ka ji kunya.

Kuma ka ji wannan. A wasannin neman kofi ya jefa zagaye 141, maki 11 kacal aka rubuta a kansa. Mutanen da suka taka wata 12 ne. Ka ga hawa wata ya fi cin Rivera sauƙi a Oktoba.

Autan Bronx:
Kawu ka gama da shi wallahi! Baba na Boston sai haƙuri.

Malamin Aruli (Zariya):
Ban taɓa kallon wannan wasa ba, waƙa ce ta kawo ni. Malam Ɗan Zango, ɗangonka na “Reshen bishiya shi ne gora” gaɓa 9 ne, ya zauna. Amma ka karanta “Sau 652 ya rufe da nasara” da baki ka ji. Ɗari shida da hamsin da biyu gaɓa 10 ce ita kaɗai, ɗangon ya tashi 18. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Malam Baban Ummi, kai kuma ka kama “wa” ta ƙarshen aikatau ka yi ta zubawa, amsa-amon da ko ɗan firamare zai jera hamsin. Ga yadda ake yi, a karin waƙa na mutaƙarab:

Ina mai nasiha ga 'yan dandali,
Ku zauna ku tsara cikin hankali,
Gwanin nan na jifa, mutum kamili,
A sa masa baiti da kyan tubali.

Baban Ummi:
Allah ya gafarta Malam, a kan 652 ka yi gaskiya, baitin ya gurgunce kamar yadda mai shi ya gurgunce a 2004. Amma “wa” ɗina ka bar mini. Amsa-amo dai ya amsa, ba kuɗin shiga ake biya ba.

Ɗan Zango:
Malam ya zo da sikeli da mudu,
Yana awon gaɓa, ɗaya, biyu, huɗu,
Bai san inda ake tsayawa ba a tudu,
Bai ga ƙwallo ba, bai ga gudu.

Baitinka ya miƙe, Malam, na yarda,
Amma ciki ba kifi, ba sanda,
Riga ce mai guga a kan takarda,
Ba kowa ciki, sai ƙamshin alƙalami da tawada.

Malamin Aruli:
Ɗangon ƙarshe ya sake zarcewa. Ka tsaya a “sai tawada” ka ga yadda zai zauna.

Ɗan Zango:
Ba zan tsaya ba. Mu a zangon Kumasi da kunne muka koyi waƙa, a bakin makaɗa. Kalangu bai san mutaƙarab ba, kuma ba a taɓa fasa rawa don haka ba. A kan sitiyari nake tsara nawa, in ya hau numfashina ya hau.

Malamin Aruli:
Kalangu shi ne aruli ɗin makaɗi, Malam. Mai waƙar baka yana da kiɗa da zai ja gaɓa ya cike giɓi. Kai rubutawa ka yi, ba ganga a bayanka, dole kalma ta ɗauki nauyin kanta. Ka zaɓi ɗaya.

Baban Ummi:
Malam ya rufe wasa a zagaye na tara. A ba shi lamba 42.

Autan Bronx:
Ni dai na Kawu ya fi daɗi a kunne. Na Malam kamar karatun jarrabawa.

Malamin Aruli:
Yaro, in manya na magana ka bari su sauke numfashi. Ka kawo baiti ɗaya naka tukuna, sannan ka zauna kujerar alƙali.

Baban Ummi:
Ɗan Zango ya shiga makarantar Malam,
An duba allo, an ce a wanke, kalam!
Bronx ta yi shiru kamar an ɗauke wuta ɗungurungum.

Malamin Aruli:
Wannan ba ƙwar biyu ba, ba ƙwar huɗu ba, kuma “kalam” ba ta da aiki a nan sai cike gurbi. Kada ka raɓe da ni, Malam Baban Ummi, ba na ɓangaren kowa.

*(bayan kwana uku)*

Inna Ta Damagaram (Harlem):
Na shigo na tarar kun cika wuri da awon gaɓa, kun bar bawan Allah a tsaye. Ni a shagon kitso na koyi wasan nan, akwatin talabijin na kunne, matan Dominika na ihu, har na gane abin da suke wa ihu. Ƙanena Baban Ummi, da kai zan fara.

Daren 2004 ka faɗi rabinsa,
Makon nan mutuwa ta shiga gidansa,
Mutum biyu cikin dangin matarsa,
Ya je Panama ya raka su da kansa,
Ya hau jirgi da hawaye a idonsa,
Ya sauka ya rufe wasan farko da hannunsa.

Ranar da aka yi jana'iza ranar ya dawo New York, an riga an fara wasa ya iso fili, kuma ya rufe muku shi. Kwana biyar bayan nan ne kuka sami darenku. Duk wanda ke ƙasar nan aka taɓa bugo masa waya daga gida da asuba, ya share ido ya fita aiki, ya san nauyin wannan.

Sannan ba ku ne kuka fara cinsa ba. Nuwamban 2001, wasa na bakwai da Arizona, New York na cikin jimamin harin 11 ga Satumba, kowa na son kofin nan. A zagaye na tara Luis Gonzalez ya ɗan taɓa ƙwallo ta tsallake kan masu tsaro, kofi ya tafi. Abokin wasansa Enrique Wilson ya riga ya yanki tikitin komawa Dominika na bayan bikin nasara. Da ba a yi biki ba sai ya tafi da wuri. Jirgin da ya yi niyyar shiga shi ne ya faɗi a Queens ranar 12 ga Nuwamba, rai 265.

Kofi ya kuɓuce, aboki ya tsira,
Abin da muka ƙirga a kan asara,
Mai sama ya rubuta shi da wata ishara.

Malam, na san zango uku na yi. Ka yi haƙuri, nan numfashina ya tsaya.

Malamin Aruli:
Hajiya, ɗango ake cewa. Kuma ba zan taɓa naki ba.

Baban Ummi:
Inna, kin ɗaure ni. Zan faɗi abin da na daɗe ban faɗa a gaban Ɗan Zango ba. Afrilun 2005, ranar da aka raba wa 'yan wasanmu zoben kofi a filinmu na Fenway, Yankees ne baƙi. Ana kiran sunayensu ana musu ihu. Da aka kira Rivera sai fili ya miƙe da tafi, tafin tsokana, wai mun gode da ka ba mu.

Mun yi tafi don mu ƙona ransa,
Sai dariya ta cika bakinsa,
Ya cire hula ya ɗaga da hannunsa,
Tun ranar na kasa ƙinsa.

Amma kada a ce na sauya sheƙa. Ortiz ya buga ƙwallo ta tsallake katanga ya ci maki sau 541, kuma shi mai bugu ne na kullum. Naku zagaye ɗaya yake fitowa ya koma ya zauna.

Ɗan Zango:
Inna, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Baban Ummi, zagaye ɗayan nan shi ne wanda gwiwar maza ke rawa a ciki. Kuma jifan ba a makaranta ya koya ba. A 1997 yana 'yar jefe-jefe da abokin wasansa Ramiro Mendoza ƙwallo ta fara karkacewa da kanta a ƙarshen tafiya, aka yi ta ƙoƙarin miƙe ta ta ƙi. Shi kansa kyautar Allah yake kiranta. Ta karya sanduna har 'yan Minnesota suka haɗa masa kujerar lilo da karyayyun sanduna a shekarar bankwana.

Gwiwa ta tsinke a Kansas City, 2012,
Yana da shekara 42, aka ce ya gama, a yi addu'a,
Ya ce ba a kwance zai bar sana'a,
Ya dawo ya rufe 44, jama'a.

Malam, kada ka ƙirga.

Malamin Aruli:
Na riga na ƙirga. Amma wata tambaya gare ni. Kun yi ta ambaton 42, mene ne a cikinta?

Inna Ta Damagaram:
Lambar Jackie Robinson ce, Malam, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a babbar gasar a 1947 tare da Brooklyn Dodgers. Ya sha zagi daga 'yan kallo har da abokan sana'a. A 1997 aka ce ba wanda za a sake ba lambar a kowace ƙungiya, sai waɗanda ke sanye da ita a bar su su ƙarasa. Rivera ne na ƙarshensu.

Autan Bronx:
Malam ya ce in kawo baiti. Hausata ta gida ce, a yi mini afuwa. 26 ga Satumba 2013, wasansa na ƙarshe a Bronx, ranar da tsofaffin abokan wasansa suka zo fitar da shi daga tudun jifa.

Kawu ya kai ni ina ɗan shekara goma,
Muka zauna can a kujerun sama,
Koci bai fito ba, Jeter da Pettitte aka tura su kuma,
Ya kifa kai a kafaɗar Pettitte yana ta kuka har jikinsa na kyarma,
Ya ɗebi ƙasar tudu a hannu kafin ya koma.

Na juya in tambayi Kawu me ya sa babba ke kuka, na ga shi ma hularsa na kan fuskarsa.

Ɗan Zango:
Auta, wannan ba na dandali ba ne. Amma haka aka yi. Shekarun da na fara tuƙin dare a garin nan, ban san kowa ba, rediyon mota ne abokin hirata. In na ji an kira shi sai in sami gefe in faka. Yaron ƙauyen Puerto Caimito da ya zo ba ya jin Turanci, ni ma na zo da 'yar jakata ɗaya. Shi ya sa.

*(washegari)*

Malamin Aruli:
Auta, ɗangonka na huɗu ya kai tsawon biyu, mu gyara shi tare in ka yarda. Ga nawa a kan abin da Hajiya ta koya mini:

Ashe wagga riga ta gadon gwani,
Ya jure wa zagi da mugun gani,
Masunci ya karɓe ta kan lamuni,
Ya maishe ta tsaf, ya yi kyan zamani.

Baban Ummi:
Ma sha Allah. Malam ya koma Yankees, an saye shi da kuka.

Ɗan Zango:
Yanzu ka sa kifi a miya, Malam. Baban Ummi, saura kai.

Janairun 2019 aka yi ƙuri'a,
Ta shiga Cooperstown, zauren manyan sana'a,
425 suka jefa, ba wanda ya ce a'a,
Ba a taɓa yi wa kowa ba, sai shi, jama'a.

Jeter ma ɗaya ta kuɓuce masa a 2020. Ortiz ɗinka kashi 77.9 ya samu a 2022, da ƙyar ya haura 75 da ake nema. Ka amsa da “a'a” in ka isa, kada ka koma wa “wa”. An kira ni filin jirgi, sai na dawo.

Baban Ummi:
Ka maimaita “sana'a” da “jama'a” sau biyu-biyu, Malam na gani. Je ka ɗauko fasinjanka, nawa na kan wuta.